Guguwar da ba ta tayar da ƙura

Da ƙarfe 2:44 na daren Litinin, 13 ga Maris 1989, wutar lantarki ta ɗauke a lardin Kebek na ƙasar Kanada. Cikin kimanin daƙiƙa 90 layukan kamfanin Hydro-Québec suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, mutum wajen miliyan 6 suka wayi gari ba wuta, ga sanyi na ratsa ƙashi, kuma sai da aka shafe sa'o'i 9 kafin yawancinsu su sake ganin haske. A wannan dare babu hadari, babu iskar da ta kada turke, babu hannun da ya taɓa waya. Abin da ya yi aikin ya baro rana ne kwanaki kaɗan kafin nan, ya yi tafiyar kilomita miliyan 150, ya iso ya girgiza maganaɗisun duniya, abin da masana ke kira guguwar maganaɗisu.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da wannan lamari shi ne, rana takan yi aman da ya kai wancan girma, ya nufo mu kai tsaye, amma ya wuce ba a ji komai ba sai ɗan motsi a na'urorin masu bincike. Wani kuma matsakaici ne, sai ya bar ɓarna. Ashe girman abin da rana ta jefo rabin labari ne. Sauran rabin yana ga inda maganaɗisun da ke cikinsa ya fuskanta a sa'ar da ya iso, arewa ko kudu.

Rana ba haske da zafi kaɗai take aiko mana ba. Tana da wani lulluɓi na waje, wanda ake gani kamar farin rawani kewaye da ita idan an yi husufi cikakke. Zafin wannan rawani ya haura digiri miliyan ɗaya, alhali fuskar ranar kanta ba ta wuce kimanin 5,500 ba. A irin wannan zafi ƙwayoyin zarra ba sa zama a haɗe, sai su rabu zuwa furoton da ilaktaron masu ɗauke da cajin lantarki, abin da masana ke kira filasma. Nauyin rana ba ya iya riƙe su, don haka suke kwarara ta ko'ina dare da rana. Ita ce iskar rana. Wani matashin masani a Jami'ar Shikago, Eugene Parker, shi ya fara nuna da lissafi a 1958 cewa dole a samu irin wannan iska. Manyan fannin sun ƙi yarda da shi, sai a 1962 kumbon Mariner 2 da ke kan hanyar zuwa duniyar Zahra ya auna ta tsawon watanni, gardama ta ƙare.

Gudunta na yau da kullum kimanin kilomita 400 ne a daƙiƙa, kamar a ce daga Kano zuwa Abuja kafin ƙiftawar ido, wani lokaci kuma ya kai 800. Sai dai ba ta da kauri ko kaɗan. A gurbin da bai wuce dunƙulen magi ba, ƙwayoyin da za a samu ana iya ƙirga su da yatsu. Abin lura a nan shi ne, tunda filasma ce, tana tafe ne da maganaɗisun rana a jikinta, tana jansa kamar yadda ruwan kogi ke jan igiyar da aka saki a cikinsa.

Ita ma duniya maganaɗisu ce. Can ƙasa, daga zurfin kimanin kilomita 2,900, akwai narkakken ƙarfe da ke jujjuyawa, kuma motsinsa ne ke haifar da ƙarfin da ke juya allurar kamfas, irin wanda matafiyi ke ajiyewa a kan darduma don neman alƙibla. Wannan ƙarfi bai tsaya a doron ƙasa ba, ya miƙe sararin samaniya ya zame mana garkuwa. Wanda ya taɓa tsayawa bakin rafi da damina ya ga yadda ruwa ke yi da dutsen da ya tare masa hanya: ya taru a gabansa, ya rabu biyu, ya bar doguwar jela a baya. Haka iskar rana ke yi da garkuwar nan. Ta gefen da ke kallon rana tana danne ta zuwa kimanin kilomita 65,000 daga duniya, ta gefen dare kuma tana ja ta zama wutsiya mai tsawon da ya zarce nisan wata nesa ba kusa ba.

Da iskar tana busawa daidai wa daida kullum, da ba abin da za a tattauna. Amma rana tana da lokacin lafawa da lokacin tashin hankali, zagaye ne na kimanin shekara 11. Idan ta tashi, baƙaƙen tabo sukan yawaita a fuskarta, kuma kowane tabo wuri ne da maganaɗisu ya murɗe ya ƙulle kamar zaren da ya cukurkuɗe. Ranar da ƙullin ya tsinke, abu biyu kan faru, mutane kuma suna yawan gauraya su. Na farko walƙiya ce, wato haske mai tsanani da ke isowa duniya cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu. Ita ba ta taɓa garkuwar sosai, abin da take dagulawa shi ne saman iskar duniya a gefen da rana ke haskawa, shi ya sa rediyo mai gajeren zango kan yi ɗif na ɗan lokaci da tsakar rana. Na biyu shi ne aman: wani katafaren curin filasma mai nauyin tan biliyoyi da ke ɓallewa daga rawanin rana, da nasa maganaɗisun a nannaɗe a ciki. Shi yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, ko fiye, a hanya, kuma shi ne uban manyan guguwoyi. Akwai kuma wata hanya mai sauƙi, inda iska mai gudu ke fitowa daga wasu ramuka a rawanin rana ta cim ma mai tafiyar hawainiya da ke gabanta, su matsu. Irin wannan ba ta cika tsanani ba, amma takan dawo duk kwana 27, gwargwadon juyawar rana.

To, a nan ne batun arewa da kudu ya shigo, kuma a ganina duk wanda ya fahimce shi ya fahimci guguwar maganaɗisu.

Yaran da suka taɓa ɓalle maganaɗisu daga tsohuwar lasifika sun san wasan. Ka kusanto da biyu ta fuska ɗaya, su dinga ture juna, ko ka matsa sai su zame gefe. Ka juya ɗaya, sai ka ji ƙas, sun manne. Kwatanci ne kawai, amma ya kama hanya. A goshin garkuwar duniya, layukan maganaɗisunmu arewa suke fuskanta. Idan curin da ya taso daga rana ya iso da nasa yana kallon arewa shi ma, zai bugi garkuwar, ya matsa ta, amma ƙofa a rufe take, yawancin ƙarfinsa sai ya zame ya wuce. Idan kuwa kudu yake kallo, layukan biyu sun zama kishiyoyi, sai su tsinke a inda suka haɗu, kowane guntu ya ƙullu da na ɗayan. Layin da dā ya fito daga duniya ya koma duniya, yanzu bakinsa ɗaya na nan ƙasa, ɗayan kuma yana cikin iskar rana. Wani masanin Ingila, James Dungey, shi ya bayyana wannan a 1961, kuma taurarin ɗan'adam sun tabbatar da shi daga baya. Masu hasashe suna kiran ma'aunin wannan fuskanta, arewa ko kudu, Bz. Idan lambarsa ta sauka ƙasa da sifili, wato kudu yake kallo, ta daɗe a can sa'o'i, suna sanin dare zai yi tsawo.

Da ƙofa ta buɗe, iskar rana sai ta kwashi layukan da suka ƙullu da ita ta yi bayan duniya da su, ta jibge su a wutsiya. Wutsiyar ta yi ta cika tana miƙewa kamar robar gwafa da ake ja, har ta kai inda ba za ta iya ba, ta tsinke, ta harbo filasma zuwa duniya ta gefen dare. Wani kaso na ƙwayoyin yana bin layukan maganaɗisu ya gangara ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, ya yi karo da iskar sama a tsayin kilomita 100 zuwa 300 da wani abu. Wannan karo ne ke ba da hasken nan da ake kira orora: kore daga iskar oksijin a ƙasa-ƙasa, ja daga oksijin ɗin a can sama, shuɗi da shunayya daga naitirojin. Wani kason kuma yana maƙalewa ya dinga kewaya duniya ta tsakiyarta kamar ɗamara, a nisan dubban kilomitoci, ya zama wutar lantarki mai gudana yamma. Wannan ɗamara tana haifar da nata maganaɗisun da ke adawa da na duniya, saboda haka a lokacin guguwa na'urori a ƙasashe masu zafi sukan ga ƙarfin maganaɗisu ya ragu. Da wannan raguwa ake auna guguwa, ma'aunin da ake kira Dst, daga tashoshi huɗu: Hermanus a Afirka ta Kudu, Kakioka a Japan, Honolulu a Hawai, da San Juwan a Fotoriko. Hukumar NOAA ta Amurka mai hasashen yanayi kuma tana da nata mataki na jama'a, daga G1 mafi sauƙi zuwa G5 mafi tsanani.

Wani zai yi tsammanin raguwar babba ce. A guguwar 1989 ma'aunin ya sauka zuwa nanotesla 589 ƙasa da sifili (nanotesla awon ƙarfin maganaɗisu ne), alhali ƙarfin maganaɗisun duniya a yankunanmu ya kai wajen 30,000. Kashi biyu cikin ɗari ke nan. Allurar kamfas da ƙyar za ta nuna. To me ya kashe wutar Kebek?

Saurin canjin ne. Tun 1831 Michael Faraday ya gano cewa maganaɗisu mai motsi kusa da waya yana haifar da lantarki a cikinta, kuma a kan wannan ka'ida kowane janareta ke aiki, daga ƙaramin da ke ƙofar shago har injinan madatsar Kainji. A lokacin guguwa, duniya gaba ɗaya ta zama janareta. Maganaɗisu na kaɗawa a sama, lantarki na tasowa a cikin ƙasa, yana neman hanya mafi sauƙi. Kebek tana zaune a kan tsohon dutse mai tauri wanda ba ya barin lantarki ya ratsa shi, ga kuma layukan wuta masu tsawon kusan kilomita 1,000 daga madatsun arewa zuwa birane. Sai lantarkin ya haura ta wayar da ke haɗa taransifoma da ƙasa, ya bi layi. Matsalar ita ce, an ƙera taransifoma ne don wuta mai kai-komo sau 50 ko 60 a daƙiƙa, wannan baƙuwar kuwa kusan gefe ɗaya take tafiya. Kaɗan daga cikinta ya isa ya cika ƙarfen cikin taransifoma, ya fara gurnani, ya yi zafi, ya ɓata tsarin wutar da yake fitarwa. Na'urorin kariya su ga abin da ba su gane ba, su yanke layi. A wannan guguwar dai, wata babbar taransifoma a tashar nukiliya ta Salem da ke jihar Niyu Jasi ta lalace. Irin waɗannan ba a sayensu a kanti, ƙera guda ɗaya kan ci shekara ko fiye.

Tun kafin a san wutar gida aka ga alamar haka. Ranar 1 ga Satumba 1859, masanin taurari Richard Carrington yana zana tabon rana a Ingila ya ga wani farin haske ya tashi a kansu na 'yan mintuna. Bayan sa'o'i kimanin 17 da rabi guguwa ta iso. An ga orora har a Kyuba da Hawai. Wayoyin tangaraho sun yi ta tartsatsi, wuta ta ja wasu ma'aikata, kuma tsakanin Boston da Fotland an cire batura aka ci gaba da aika saƙo wajen sa'o'i biyu da lantarkin da sama ta bayar. A lokacin tangaraho kaɗai ne doguwar waya. Yau kuwa nahiyoyi ne a ɗaure da waya.

Sama ma ba ta tsira ba. Ƙarfin da ke zuba a ƙuryoyin duniya yana dumama iskar can sama, ta kumbura, ta kai inda taurarin ɗan'adam na kusa ke shawagi, ta dinga riƙe su. Ranar 3 ga Fabrairu 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49 a daidai lokacin wata ƙaramar guguwa, wadda ba ta wuce matakin G1 ba, 38 daga ciki suka kasa haurawa, suka dawo suka ƙone. A ranakun 10 da 11 ga Mayu 2024 kuma aka yi guguwar G5 ta farko tun 2003, bayan wani gungun tabo da ya fi faɗin duniya sama da sau 15 ya yi ta aman curi a jere. An ga orora a Meziko, da arewacin Indiya, da Namibiya. Wutar ƙasashe ba ta faɗi ba, domin kamfanoni sun samu gargaɗi sun shirya, kuma wannan nasara ce da ta cancanci a faɗa. Amma manoma a tsakiyar Amurka, waɗanda taraktocinsu ke bin GPS wajen ja layin shuka, sun tsaya cak a tsakiyar lokacin shuka saboda na'urar ta daina faɗin gaskiyar inda suke.

Gargaɗin da ake samu yana da iyaka, kuma iyakar ta sake dawo da mu kan kudu da arewa. Kumbon SOHO, da aka harba a 1995, yana rufe fuskar rana da wani faifai don ya ga rawaninta, saboda haka ana ganin curi tun yana tashi, a ƙiyasta gudunsa da ranar isowarsa, ko da yake akan yi kuskuren sa'o'i. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne fuskar maganaɗisun da ke ciki. Sai curin ya taɓa na'ura ake sani. Kumbunan da ke gadin kuwa, irin su ACE na 1997 da DSCOVR na 2015, an ajiye su ne a nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta wajen rana, wato kashi ɗaya cikin ɗari na hanyar. Daga can zuwa nan, curi mai gudu minti 15 zuwa sa'a ɗaya yake buƙata. Kwana biyu ana jiran baƙo, amma sai ya iso zaure ake sanin ko da alheri ya zo. A 23 ga Yuli 2012 wani curi da masana ke kwatanta shi da na zamanin Carrington ya ratsa hanyar da duniya ke bi, ya bugi kumbon STEREO-A. Duniya ba ta wajen a ranar.

Galibi idan ana wannan magana, hotunan orora a Norwe da Kanada ake nunawa, har mutum ya ɗauka abin na mutanen ƙanƙara ne. Ban yarda da haka ba. A guguwoyin ƙarshen Oktoba 2003, waɗanda suka kashe wuta a birnin Malmo na Suwidin, kamfanin wutar lantarki na Eskom a Afirka ta Kudu ya samu manyan taransifomomi da suka lalace a watannin da suka biyo baya, a ƙasar da ake ganin ta yi nisa da haɗarin. Mu kuma muna da namu yanayin na daban. Layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, inda allura ke kwanciya a miƙe ba ta sunkuya arewa ko kudu ba, bai bi ikwaita, layin da ya raba duniya biyu a taswira, ba. A Afirka ya haura arewa, ya bi ta arewacin Gana, ya ratsa Najeriya arewa da Abuja, ya wuce kudancin Chadi zuwa Habasha. A kan wannan layi, a tsayin kilomita 100 da 'yan kai, akwai wani siririn kogin lantarki da ke gudana gabas kullum da rana. Masanin Ingila Sydney Chapman ne ya raɗa masa suna a 1951, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi zurfafa bincike a kansa ɗan Najeriya ne, Farfesa Cyril Onwumechili, wanda ya yi aikinsa a Ibadan. Idan iskar rana ta bugi garkuwa ba zato, wannan kogi yana ƙara wa girgizar ƙarfi a ƙasan da ke ƙarƙashinsa.

Sa'an nan bayan faɗuwar rana, saman iskar yankinmu yakan yi wasu kumfa, gurabe da filasma ta yi ƙaranci, masu tashi sama. Saƙon tauraron ɗan'adam da ya ratsa su yakan yi rawa kamar hasken fitila a kan ruwa. Wannan yana faruwa ko babu guguwa, guguwa kuma tana iya tsananta shi ko ta danne shi, gwargwadon sa'ar da ta iso. Mai safiyo da ke auna fili da GPS, da matuƙin jirgin sama da ke ratsa Sahara yana dogaro da rediyo mai dogon isa, da dattijon da ke murɗa akwatinsa da asuba yana neman sashen Hausa a gajeren zango, duk da wannan saman suke hulɗa. Tauraron NigComSat-1R, da aka harba a Disamba 2011, yana zaune a tsayin kusan kilomita 36,000, kuma guguwa mai tsanani tana iya danne garkuwar har ta dawo ƙasa da wannan tsayi, ta bar irinsa a fili na ɗan lokaci.

Ba ina cewa rana ce ke kashe mana wuta ba. Faɗuwar babban layin wutar Najeriya tana da dalilanta na ƙasa da kowa ya sani. Damuwata ita ce, zafin da irin wannan lantarki ke sa wa taransifoma ba lallai ya kashe ta nan take ba, yana cin rufin wayoyinta ne a hankali, ta mutu bayan watanni, a ɗora laifin a kan tsufa. Ga shi muna ta ƙara tsawon layuka masu ƙarfin kilobolt 330, ana haɗa ƙasashen Afirka ta Yamma da waya ɗaya, kuma doguwar waya ita ce abin da guguwa ke nema. Afirka ta Kudu ta buɗe cibiyar sa ido ta dare da rana a Hermanus a 2022. A Najeriya akwai cibiyar binciken sararin sama ta hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a Anyigba, jihar Kogi, da malamai a jami'o'i da ke wannan aiki. Abin da nake so in gani shi ne ilminsu ya isa ɗakin masu kula da layin wuta: a ɗaura ma'auni a wayar ƙasa ta manyan taransifomomi, a ajiye abin da ya nuna, a gwada shi da ranakun guguwa. Kuɗinsa bai kai ɗigo ba idan aka kwatanta da farashin taransifoma ɗaya.

A Oktoba 2024 NASA da NOAA suka sanar cewa zagayen rana na yanzu, na 25 a lissafi, ya kai ƙololuwarsa. Saukowa daga ƙololuwa ba ta nufin an huta, domin guguwoyin Oktoba 2003 sun zo ne shekara biyu zuwa uku bayan ƙololuwar nasu zagayen ta wuce.